Girgijen Filin Idi

Shaho, tauraron ɗan'adam da ke shawagi saman Birnin Inuwa, ya aiko da saƙonsa na safiyar Sallah: farin girgije ya rufe filin idi, hasken ƙuna ya ragu, a buɗe rumfa.

Tun da bargon ozon, mai kare duniya daga ƙunar rana, ya yage, garin yake zaune ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfar gilashi mai duhu. Hasken ƙuna ido ba ya ganinsa, amma yana dafa fata, yana cin ƙwayar ido. Shaho ne ke auna shi daga sama. In ya hango fari shimfiɗe a ƙasa, ya san girgije ya tare rana, sai ya zuge rumfar mutane su sha iska. Da gangan aka cire hannun mutum daga aikin, wai mutum ya cika mantuwa.

Injiniya Tabawa ta leƙa ta tagar tashar sa-ido. Rumfar ta riga ta buɗe, sama kuwa fes take.

"Sallau, wane girgije kuma?" ta tambayi abokin aikinta.

Ya faɗaɗa hoton. "Hajiya, ba girgije ba ne. Mutane ne!"

Bana ne karon farko da duk unguwanni suka haɗu a fili ɗaya, dubban mutane kafaɗa da kafaɗa cikin fararen riguna. Mahaifin Tabawa na can a sahun gaba, sanye da farar shaddar da ita ta ɗinka masa.

"Rufe rumfar!" in ji Tabawa.

"Wallahi ba ta karɓar umarninmu. Sai in Shaho ya daina ganin farin."

Ta fizgi makirfon da ke haɗe da lasifikokin filin. "Jama'a, ku rufa dardumanku a ka! Don Allah ku rufe idanunku!"

Amma liman ya riga ya tayar da kabbara. Kowa ya ji ta, babu wanda ya motsa. Tana kuka tana kallon su a allo, sun miƙe tsaf cikin tsirarar rana har aka yi sallama. Sannan dardumai suka hau kawuna, farin ya ɓace, Shaho ya rufe rumfar, ya rubuta cewa girgije ya wuce lafiya.

Da la'asar ta iske mahaifinta zaune a zaure, idanunsa jajur suna zubar ruwa.

"Baba, sannu. Yaya idon?"

Ya juyo wajen muryarta, bai dace da fuskarta ba.

"Tabawa ce? Na ji ki ɗazu, 'yar nan. To, salla ce, ya zan yi?" Ya lalubi hannunta. "Kunna mana fitila mana. Yau magariba ta yi saurin yi."