Abin da Ya Saura a Totuwa

Ranar da Uchenna ya fara ganin Hephzibah, kunya ta ba shi a gaban mutum arba'in.

A filin makarantar firamare ta wani ƙauye kusa da Nok aka yi taron, shekarar da ta biyo bayan cutar da ta cinye citta. Manoma sun zo jiki a sanyaye, don duk gidan da ya dogara da citta ya ga yunwa ido da ido. Uchenna malamin gona ne, haifaffen Kafanchan, ɗan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya zo a kan babur da buhun sabon irin masara mai ruwan ɗorawa, irin nan da aka sauya wa halitta don kada tsutsa ta ci shi, wanda ake kira GMO.

Yana tsakiyar zuba bayani sai wata doguwar budurwa ta ɗaga hannu daga baya.

"Malam, in na shuka bana, baɗi zan iya ɗebo iri daga rumbuna?"

"Za ki iya, amma ba zai yi kyau kamar na farko ba. Gara ki sayi sabo."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara."

"To ashe ba iri ka kawo mana ba, kasuwa ka kawo."

Aka fashe da dariya. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya ji haushi, tsayawa ya yi yana kallonta kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Da aka tashi ya bi ta har bakin famfo, wai zai ƙara mata bayani. Bayanin dai da lambar waya ya ƙare.

Kafin ya isa Kafanchan ya tsaya a gefen hanya ya rubuta mata:

"Madam Rumbu, kin isa gida lafiya? Har yanzu kunnena zafi yake."

Ta amsa:

"Malamin tsutsa, na isa. Ka sha ruwan sanyi zai huce."

Soyayyarsu rabinta gardama ce. Shi ya ce ya shiga gidajen da yara ke cin abinci sau ɗaya a yini, ya ga gonar da tsutsa ta mayar kamar tsumma, kuma mai jin yunwa ba ya tambayar inda aka ƙera iri. Ita ta ce manomin da ba shi da irin kansa, wani ne ke riƙe da makogwaronsa. Sai su yi ta ja har kati ya ƙare, washegari kuma ya kira ya ce, "Hefzi na, kin ci abinci?"

Wata Asabar ta shigar da shi kicin ɗinsu, ta nuna masa goyon masara guda goma rataye a saman murhu, hayaƙi ya dafe bawonsu. Ta ɓare ɗaya. Fara ce tas, ƙwayoyinta ƙanana.

"Masarar Mama ce," in ji ta. "A ɗankwali ta ɗauro ta daga gidan kakata ranar aurenta. A danginmu kowace ɗiya da ita take tafiya gidan miji. Yanzu duk sun bar nomanta, mu kaɗai muka rage."

Mahaifiyarta, Mama Caroline, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Kafin ta cika ta sa mijinta, Baba Kumai, ya yi mata alkawari zai ci gaba da shuka ta har ranar da Hephzibah za ta yi aure. Tun daga nan tsohon yake nomanta a wata 'yar gona da ke bayan makaranta, da kashin awaki kawai, ko ƙwayar takin zamani ba ya bari ta taɓa wurin.

"To gidana za ta je ke nan," in ji Uchenna.

"Gidanka da ko kunyar shuka ɗaya babu?"

"Zan tuge ganyen miyar mamata."

Baba Kumai bai ga abin dariya ba da maganar ta iso kunnensa.

"Ba don shi Ibo ne ba," ya ce wa ɗiyarsa. "Ibo nawa muke zama benci ɗaya da su a coci? Amma mutumin da yake yawo yana kashe irin mutane, ba zan ba shi ɗiya ba."

Akwai kuma Samson, shugaban mawaƙan coci, sakataren ƙungiyar masu noma da takin gargajiya. Ya daɗe yana son Hephzibah, ita kuwa gaisuwa kawai take ba shi. Shi ne yake bi gida gida yana cewa duk wanda ya ci masarar Uchenna ba zai haihu ba. Ko a ina ya samo wannan, oho.

Da damina ta kawo jiki, mai unguwa ya ba Uchenna filin makaranta ya yi gonar gwaji, a raba amfanin ga gwauraye, matan da mazansu suka rasu. Tsakanin filin da gonar Baba Kumai shingen cediya ne kawai. Uchenna ya san masara ba ta san shinge ba: in biyu suka fitar da kai lokaci ɗaya, iska na kwashe garin kan wannan ta zuba a gemun waccan, iri ya gauraya. Hephzibah ma ta sani, hankalinta ya tashi.

"Kada ki damu, masoyiyata," ya ce. "Zan bari Baba ya shuka, in jira sati uku. Kafin tawa ta fitar da kai, taku ta gama."

"Ka tabbata, Uche?"

"Abin da na karanta ke nan."

A nan karatun ya kayar da shi. Masararsa mai sauri ce, ta Mama Caroline kuwa irin ta da ce, mai nawa. Da ya shuka rana ɗaya da tsohon, da tasa ta gama tun kafin waccan ta farka. Jiran da ya yi shi ya haɗa su daidai wa daida. Tambaya ɗaya ce da ta raba gardama, ya je ya durƙusa ya ce, Baba kwana nawa masararka take yi kafin ta fitar da kai? Amma yana tsoron fuskar tsohon, kuma gaskiya akwai ɗan girman kai na mai takarda. Ya shuka, aka tura shi kwas Zariya, ya tafi hankali kwance.

Ranar girbi Baba Kumai ya ɓare goyon farko ya tsaya cak. Ƙwayoyin ruwan ɗorawa ne warwatse cikin farare. Ya ɓare na biyu, na goma, na talatin. Duk haka. Kuma waɗanda ke rataye a kicin ya riga ya shuka su duka. Tsohon nan da bai yi kuka a gaban mutane ranar jana'izar matarsa ba, ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hula.

Samson bai ɓata lokaci ba.

"Sista, ke kina ganin kuskure ne? Mutumin da ya yi digiri a kan masara? Haka suke yi. Su ɓata na gargajiya don dole a dawo a sayi nasu."

Da a ce ranar lafiya ce, da Hephzibah ta kore shi. Amma tana kallon mahaifinta ya kwana biyu bai ci abinci ba, sai maganar ta shige ta. Ta ɗauki hoton goyo ɗaya ta tura wa Uchenna.

"Ka ce in yarda da kai, na yarda. Ka sake binne mini uwata. Kada ka ƙara kirana."

Ta kashe wayar ta jefa ƙasan akwati.

Kwana huɗu bayan haka Baba Kumai ya ce abin nan ya tashi daga iri, ya koma abinci. Su biyu suka zauna suka murje masarar kaf, suka zubar da totuwar a bayan kicin, aka kai buhun inji aka niƙa. Hephzibah ce ma ta riƙe bakin buhu garin yana zuba.

Da suka dawo ta kunna waya don ta kira wata ƙawarta. Saƙonni suka yi ta shigowa. Na farko tun ranar da ta kashe wayar aka turo shi.

"Hefzi, laifina ne, ni kaɗai. Na yi lissafi ba daidai ba. Amma abeg ki saurare ni: KADA KU NIƘA. Ƙwayar da garin masarata ya taɓa ita ce ta canza kala. Fararen nan har yanzu na Mama ne. A tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ana sallamar mu ranar Juma'a, zan zo in tsince da hannuna."

Na ƙarshe kuwa cewa ya yi:

"Ko ba za ki sake kallona ba, ki gaya wa Baba. Don Allah."

Ta karanta ta sake karantawa, ga garin masarar fari fat a gashin hannunta. Allah sarki. Kukan da ta yi ranar ya fi na ranar girbi ciwo, don wannan karon ba ta da wanda za ta ɗora wa. Ta je ta durƙusa ta karanta wa mahaifinta saƙon. Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Ranar Juma'a da rana Uchenna ya iso, ko gida bai biya ba. Ya ga buhun gari a jingine, ya gane. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohon.

"Baba, ban zo neman ɗiyarka ba yau. Na zo neman totuwa."

Baba Kumai ya leƙo. "Totuwa? Za ka hura wuta ne?"

"Duk yadda aka murje masara, ana barin 'yan ƙanana a tsinin. Ka ba ni izini in duba."

Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki.

Uchenna ya zauna a ƙasa bayan kicin, cikin kaji, yana ɗaukar totuwa ɗaya ɗaya yana ƙwaƙule tsinin da farce. Kaji sun riga sun yi nasu aikin, ruwa kuma ya taɓa na sama. Can sai ga Hephzibah da faranti. Ta zauna nesa da shi kaɗan ta fara nata. Sun fi awa ɗaya suna ƙwaƙula.

"Da ma na kunna wayar," ta ce.

"Da ma na tambayi Baba," ya ce.

Kwana biyu suka yi a kan tarin nan. Da suka ware masu ruwan ɗorawa da ruɓaɓɓu, farare sittin da uku suka rage a faranti. Abin da ya saura ke nan daga masarar da ta bi mata tun daga kakar kaka.

Uchenna bai jira damina ba. Da rani ya samu wani lungu a fadama inda babu masarar kowa ko ta kusa, ya yi shinge, ya roƙi kashin awakin Baba Kumai buhu biyu. Kullum kafin ya tafi ofis sai ya taho daga Kafanchan ya ba su ruwa da bokiti. Sha tara suka tsiro. Gara ta ci huɗu, akuyar wani ta tsallaka ta cinye uku. Ranar akuyar nan Hephzibah ta same shi zaune a bakin rafi yana hawaye kamar yaro, ta zauna ta riƙe hannunsa, karo na farko tun kafin girbi.

Samson ya zo gida sau biyu da maganar aure. A na biyun Hephzibah ta ce masa, "Brother Samson, kwana huɗu na yi ina jin maganarka, ka ga abin da ya jawo mini. Ya isa."

Ranar da za a karya masarar, Baba Kumai da kansa ya gangaro fadama da sandarsa. Ya ɓare goyon farko a hankali. Fari. Na biyu, fari. Goyo tara aka samu, wasu ko tsawon tafin hannu ba su kai ba, amma babu ɗigon ruwan ɗorawa ko ɗaya.

Tsohon ya juya ya kalli Uchenna.

"Har gobe ban yarda da irinka ba."

"Na sani, Baba."

"Amma gwaurayen nan sun ci tuwo bana, na gani da idona. Ba zan yi ƙarya ba." Ya juya goyon a hannunsa. "Kai za ka bar aikin?"

"A'a, Baba. Amma ba zan ƙara shuka kusa da gonar kowa ba sai na zauna na tambaye shi."

"To ka turo iyayenka."

Bayan Ista aka ɗaura auren. Mama Nkolika, mahaifiyar ango, ta zo da zumuntar matan cocinsu daga Kafanchan, tana ta gaya wa kowa cewa an sa ta tuge ganyen miyarta saboda masarar da ba ta kai mudu ba, amma ita ce ta fi kowa rawa.

Da aka fito daga coci, Baba Kumai ya kira amarya gefe. Ya ciro wani tsohon ɗankwali a ƙulle daga aljihun babbar rigarsa.

"Uwarki ta ce in ba ki buhu," ya ce. "Ban iya ba. Ga abin da na iya."

Hephzibah ta durƙusa cikin farar rigarta a kan ƙasa ta karɓa da hannu biyu tana kuka. Uchenna ya durƙusa kusa da ita. Tsohon ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku ɗiya mace, don a samu mai ɗauka."

Jama'a suka ce amin.