Ruwan Tawadar Malam Barmo

Ku matso, ku kama bakinku. Mai jin dariya ya tashi ya ba ni wuri.

A zamanin fatake an yi wani Malam Barmo. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Ayari kawai yake bi, duk garin da aka sauka ya tambayi sunansa da rijiyoyinsa da abin da mutanensa ke ci, ya rubuta. Ya baro tsohuwarsa a gida, idonta ya soma tafiya, ya yi mata alkawarin komowa kafin kaka.

A hanyar komowa tawadarsa ta bushe. Ruwan salka kuwa madugu ya hana a taɓa sai don sha. Gab da magariba suka ratsa wani kufai.

Madugu ya ce, "Malam, nan sallama ake yi a wuce. Ba a ɗiban komai."

Barmo ya ce to. Ya bari ayari ya yi gaba, ya ratse.

Ga rijiya. Ga mace tana jan guga. Bakin rijiyar duk caɓi ne, amma babu sawu ko ɗaya, har inda take tsaye.

"Sannu da aiki, Inna. A sam mini ruwa."

"Na sha, ko na rubutu?" Daga cikin rijiyar muryar ta fito.

"Na rubutu."

"Na sha sadaka ne. Na rubutu sai da musaya. Ka kwashe garuruwan mutane. Bar mini ɗaya."

Ya yi murmushi. "Zaɓi wanda kika so."

Ta ɗiga masa. Tawadar nan ba ta ƙara bushewa ba.

Da safe suka iso mararraba. Madugu ya ce, "Malam, ina ne ma garinku?"

Ya buɗe baki. Babu. Wani bafatake da ya san shi ya faɗi sunan. Leɓe ya ga yana motsi, bai ji komai ba. Ashe garinsu matar rijiyar ta zaɓa, har lungunan garin da fuskokin mutanensa ta ɗauke. Alkawarin kaɗai ta bar masa.

Ya yi ta yawo yana rubutu har furfura ta fito masa. Wata rana ya ratsa garin nasu. Tsohuwa makauniya a ƙofar gida ta ji sallamarsa, ta miƙe tana lalube.

"Barmo! Kai ne?"

"Iya, wane gari ne nan?"

Ta faɗa. Ta sake faɗa. Ya jira, ya jira.

Ya ce, "Bari in yi sauri, tsohuwata na jirana." Ya wuce.

Kada in ji ɗayanku ya bi ta kufai shi kaɗai. Ku tashi ku kwanta.