Ɗamarar Baba Ya'u

A kasuwar Maigatari Ilu ya fara ganin Kyauta. Tana zaune a gindin tsamiya tana dama fura, shi kuma ya koro jakin maigidansa da kayan gero. Ya karɓi ƙwarya, ya sha ludayi ɗaya, sai ya tsaya kallonta har ƙudaje suka fara taya shi sha.

"Malam, furar ce ba ta yi ba?" ta tambaya, kanta a sunkuye.

"Ta yi. Mai damawar ce ta hana ni sha."

Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. "Ai na san ka. Kai ne ɗan kokawar Ɗanzomo, mai share fage da yara."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. A gidan Baba Ya'u, tsohon ɗan kokawar da ya rene shi yake kuma koya masa, ba a shiga babban fage sai da ɗamarar fata da tsohon ya ɗaura wa mutum da hannunsa. Shi kuwa ba ya ɗaura ta sai ga wanda ya kama da shi bayan girbi, a gaban jama'a, ya kai shi ƙasa. Sa'o'in Ilu duk sun samu, har ƙannen bayansa. Shi kaɗai ne kowace kaka in suka kama yake faɗuwa, tsohon ya karkaɗe jiki ya ce, "Da saura."

Duk da haka Ilu ya nace, sai da ya san hanyar gidansu Kyauta a Sule Tankarkar kamar hanyar gonarsa. Da la'asar zai iso, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita ta zauna bakin ƙofa tana wasa da abin hannunta.

"Kyautata, jiya gero nake sussuka, na iske kaina ina ta bugun ƙasa."

"To laifin wa?"

"Naki mana."

"Allah ya ba ka haƙuri, Gwanina," ta ce a hankali. Sunan nan ya yi masa daɗi, ya kuma ba shi kunya, don babu mai kiransa gwani sai ita.

Mahaifinta, Hussaini, makaɗin 'yan kokawa ne. Duk mai ɗamara a ƙasar Gumel yana da takensa a gangar mutumin nan. Da manyan Ilu suka je neman izini, ya karɓe su da mutunci, sannan ya faɗi tasa.

"Yaron kirki ne, ban ƙi shi ba. Amma ni gangata ba ta san shi ba. Yaya zan yi wa 'ya'yan mutane kiɗa, surukina yana can gefe da yara? In kakar bana ta wuce babu ɗamara, ya daina zuwa zaurena."

Ana cikin haka Dogo, abokin horonsa da ya sami ɗamara tun bara waccan, ya fara aiko da goro gidan. Shi ne wanda ya ɗaga Baba Ya'u sama ya maka shi da ƙasa, har tsohon ya yi ta jinyar ƙugu.

Ilu ya rasa inda zai sa kansa. Ya je ya iske tsohon yana tufkar igiya, ya durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka gaya mini abin da ya rage. Na kayar da Dogo a horo, kai ma ka gani."

"Na gani."

"To mene ne?"

"Da saura," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba.

Rannan Gwaggo A'i, ƙanwar mahaifin Kyauta, ta tare shi a hanyar rijiya da saƙon Kyauta. "Ta ce in gaya maka: bara tana fage, ta ga hannunka ya kama ƙugun tsoho, ta kuma ga ka sake shi da kanka. Ta ce in ba ka son ta ne ka faɗa mata, ka daina wahalar da baiwar Allah."

Ko gida bai koma ba, ya kama hanyar Sule Tankarkar. Kyauta ta fito idanunta jawur, ba ta shimfiɗa tabarma ba.

"Gaskiya ne, ni nake saki," ya ce. "Shekarar yunwa a hanyar Gagarawa Baba ya tsince ni, ina zaune kusa da mahaifiyata, ban san ta rasu ba. Shi ma da ƙyar yake tafiya, amma ya goya ni har Ɗanzomo. Kyauta, bayan nan da ya goya ni shi ake so in kai ƙasa. Da na kama shi sai hannuna ya mutu."

Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Ka yafe mini, Gwanina. To yanzu yaya za mu yi?"

"Wallahi ban sani ba."

Haka suka zauna har aka kira magariba.

Ranar kokawar ta zo. An kai amfani rumbu, fagen Ɗanzomo ya cika, Hussaini na gefe da gangarsa, Dogo na yawo da ɗamararsa yana kirari. Baba Ya'u ya tuɓe riga ya shigo yana ɗingishi. Ilu ya dubi furfurarsa da haƙarƙarin da suka fito. Ya hango Kyauta cikin 'yan mata, ta rufe fuska da mayafi.

Suka kama. Hannun Ilu ya sami ƙugun, ya kuma fara sassautawa kamar kullum. Sai ya ji numfashin tsohon a kunnensa.

"Ɗan nan, na gaji. Gwiwoyina sun ƙare, saboda kai kaɗai nake shiga fagen nan. So kake in mutu ban ga ɗamara a ƙugunka ba?"

Hawaye suka cika idon Ilu. Ya ƙara damƙa, ya ɗaga tsohon cak, sai ya ji shi ba nauyi, kamar damin kara. Fage ya yi tsit, kowa na jiran ƙarar faɗuwa. Ilu ya sunkuya a hankali, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin kansa, ya kwantar da shi a kan yashi yadda ake kwantar da jaririn da ya yi barci. Ya zauna a wajen yana kuka.

"Tashi ka ɗaga ni mana, sakarai," in ji tsohon daga kwance, yana dariya. "Ko nan za ka bar ni?"

Ɗamarar da ya ɗaura masa ba sabuwa ba ce. Tasa ce ta ƙuruciya, wadda bai taɓa bari wani ya taɓa ba. Hussaini ya goge ido da hannun riga, sannan ya saki wani kiɗa da ba a taɓa ji ba. Taken Ilu ke nan.

Kafin sanyi ya wuce aka ɗaura aure. Dogo ma ya zo, ya ci tuwonsa ya yi addu'a. Baba Ya'u ne waliyyin ango. Da aka kawo amarya ta durƙusa gaishe shi, ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Allah ya ba ku masu goya ku ranar da ƙafa ta gaza."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Daga wannan kaka Baba Ya'u bai ƙara tuɓe riga a fage ba. A inuwa yake zama, Kyauta na aiko masa da fura.