Likitar Da Ta Hana Raguna Fita

Ranar da Abdurra'uf ya fara ganin Kaosarat, a durƙushe take cikin garken bayan gidansu a Fagge, ta buɗe bakin wani rago tana haskawa da fitilar waya. Ragon da sai mutum biyu sun riƙe shi, ga shi ya tsaya mata tsit. Dawowarsa ke nan daga makarantar da yake koyarwa, ya tsaya a bakin ƙofa har ya manta da sallama.

"Tsaya daga nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In ka shigo, takalminka zai fita da cutar."

Likitar dabbobi ce, 'yar Alhaji Raji mai kayan abinci a Kasuwar Singa, haifaffiyar Sabon Gari. Da ta gama sai ta cire safar hannu, ta rusuna gaban mahaifin Abdurra'uf, Malam Halilu. Ta ce uku daga cikin ragunansa goma sha biyu sun kamu da annobar tumaki da awaki, mai zawo da majina da gyambon baki. Saura mako uku Babbar Sallah, amma ko ɗaya kada ya je kasuwa.

"Yarinya, shekara talatin ina kiwo," in ji Malam. "Sauran taran lafiyarsu ƙalau."

"A ido ne, Baba. Ka ba ni kwana shida. In ka rufe garkenka, kowa a unguwar nan zai rufe nasa."

Malam ya kaɗe rigarsa ya shige ciki.

Abdurra'uf ya karɓi lambarta, wai saboda raguna. Bayan la'asar ya tura mata saƙo.

"Likita, ragon ya sha ruwa. Ni kuma tun da kika tafi ban iya cin komai ba. Ita ma cutar ce?"

"Wannan ba fannina ba ne, Malam. Amma gobe da safe ina neman mai riƙe min kular allura."

Washegari ta shimfiɗa masa wata takarda a kan benci. Taswirar Fagge ce har zuwa Rijiyar Lemo, da hannu ta zana ta. Duk gidan da ke da akuya ko tunkiya akwai ɗigo a kansa, da lambar wayar matar da ke ba su abinci. Wata shida ta yi tana bin lungu-lungu, tun babu wanda ya ji ɗuriyar cuta. Ta san inda za a samo ƙanƙara idan wuta ta ɗauke, ta san filin da za a binne wadda ta mutu.

Abdurra'uf ya daɗe yana kallon takardar. A unguwar aka haife shi, amma akwai lungunan da bai taɓa sanin da su ba.

Kwana huɗu yana binta da kula a hannu, suna yi wa dabbobi masu lafiya rigakafi. Yakan ga tsofaffin da ba sa buɗe wa baƙo ƙofa suna janyo akuyoyinsu da kansu, suna cewa, "Ga 'yar Raji ta zo." A rana ta huɗu, a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ce, "Likitata, so nake na riƙe miki kular nan har tsufa."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ka fara tambayar Baba Malam. Har yanzu bai amsa gaisuwata ba."

Da mahaifiyarsa, Inna Sa'adiya, ta kai maganar, Malam ya ce, "Wadda ta tsare ni a gidana gaban maƙwabta? A'a." A can Sabon Gari kuwa, Alhaji Raji ya fi son Quadri, ɗan amininsa. Da Abdurra'uf ya ga Quadri ya sauke ta a mota sau biyu, sai ya yi shiru da saƙo. Ita ce ta rubuto.

"Malamina, a firjin shagon Quadri nake ajiye allurai, shi ke nan abin da ke tsakaninmu. Na faɗa masa gaskiya cewa kai nake so, na faɗa wa Baba. Kai ma in fushi za ka yi, ka zo ka yi a gabana."

"Ki yafe min, hasken idona. Ina tafe."

Malam Halilu dai ya riga ya yi magana da mai mota, zai kwashi raguna taran zuwa kasuwa ranar Asabar. Da safiyar Asabar ɗin, kwana na shida cif, ya shiga garke ya tarar da biyu daga cikinsu sun sunkuyar da kai, majina na zuba. Ya tsaya ƙiƙam. Ya tuna dubban ragunan da ke ɗaure a kasuwa kafaɗa da kafaɗa, da matan da suka shekara suna kiwon guda ɗaya tak.

"Ta gani tun babu abin gani," ya ce a hankali. "Allah mai ba da ilimi ga wanda ya so."

Ya sallami mai mota. Bayan azahar ya miƙe a masallacin unguwa ya ba da labarin da bakinsa, bai rage komai ba. Kafin magariba, gidajen da suka ɓoye dabbobinsu sun fara kiran Kaosarat. Ragunan Malam biyu suka mutu, aka binne su a rami mai zurfi. Unguwar gaba ɗaya ba ta rasa fiye da ashirin ba, alhali labari na zuwa daga wasu garuruwa inda garke guda ke ƙarewa cikin mako.

Bayan Sallah, Malam ya sa babbar rigarsa ya tafi Sabon Gari da 'yan'uwansa. Ya ce wa Alhaji Raji, "Alhaji, na zo neman 'yarka wa ɗana. Na kuma zo ba ta haƙuri."

Alhaji Raji ya kira ta, ya tambaye ta da Yarbanci. Ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, na ba ku."

Aka ɗaura aure wata Juma'a. Mahaifiyarta, Alhaja Morufat, ta cika tsakar gida da amala da shinkafa, matan Fagge suka zo da waina, Quadri ne ma ya yi jigilar baƙi. Da aka kai amarya gaban Malam Halilu, ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ku zuri'a masu amfanar mutane kamar yadda kika amfane mu."

Ɗakin ya amsa da amin. Abdurra'uf ya dubi amaryarsa, ya ga hawaye na sauka a ƙarƙashin mayafi, kuma tana murmushi.