Laluben Tsakiyar Gadabul

A shekarun da bam ke tashi a kasuwannin Maiduguri, ba a shiga kwalekwalen Baba Kashim sai an lalube mutum. Maza su ɗaga riga, mata kuwa Lauratu mai sayar da kifi ce ke shafa su, don kullum da ita ake ƙetare Kogin Gadabul.

Ran nan bayan magariba, sai da suka kai tsakiyar ruwa Lauratu ta lura da wata mace a ƙarshen jirgin, cikin dogon hijabi, gabanta a kumbure. Ita dai ta san ba ta shafa wannan ba. Kowa sai satar kallon kumburin yake.

"Baiwar Allah, daga wace unguwa?" in ji Baba Kashim.

Ya daina tuƙi. "Lauratu, taimaka ki duba mana ita."

Lauratu ta matsa tana salati a zuci. Wani ƙarni ya bugi hancinta, irin na tsohuwar laka. Ta cusa hannu ƙarƙashin hijabin, tana jiran ta taɓa waya ko ƙarfe. Sanyi ta ji. Hannun ya shige har kafaɗa, babu ciki, babu haƙarƙari, sai ruwa mai gudu. Wani ɗan kifi ya goge mata yatsu.

"Akwai wani abu?" Baba Kashim ya tambaya.

Bakin matar bai motsa ba. Daga ƙarƙashin katakon jirgin muryar ta taso, a hankali:

"Ce masa babu komai, Lauratu."