Shaho Marar Birki

A'a, ba doki ba ne. Doki yana gudu, amma akwai waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Matso nan, ki bar bakin ƙofa. Kai ma zauna, kafin a zo ɗaukarku.

In a ƙasa ne, wadda ta fi gudu wata irin damisa ce siririya mai dogayen ƙafafu. Rabbi ake ce mata. In a ruwa ne, an ce wani kifin teku ne mai dogon baki kamar mashi. In a sama ne kuwa, shaho ne. Shi ya fi su duka.

Ina na sani? Ai ina share baranda ana karatu a ciki, kunnena yana ɗauka. Wannan kuwa a dalilin wani yaro na riƙe shi. Bari in ba ku labarinsa.

A aji biyar yake lokacin. Yaro ne mai jiki, ba ya iya gudu. In aka yi tsere, sai kowa ya kai, ya sha ruwa, ya huta, sannan shi ya iso yana haki. Shi ya sa suke ce masa Buhu.

Wanda ya sa masa sunan wani siririn yaro ne, ana ce masa Walƙiya. Duk makarantar ba mai kamo shi.

Buhu ba ya son sunan nan ko kaɗan. In an kira shi sai ya yi dariya, amma na sha ganinsa a bayan aji yana goge ido. Ba abin da yake so a duniya kamar a daina.

Sai dai shi ma yana da nasa halin. Ba ya tsayawa a gama magana. Mamarsa za ta ce, "Je kanti ka sayo min..."

Sai ya ce, "Na sani, Mama!" Ya fita.

Can sai ya dawo yana sosa kai. "Mama, me ma kika ce in sayo?"

Ita kuma ta ce, "Ai ban ce ba tukuna. Ƙafa ba sauri, amma kunne sai gaggawa."

To, wata rana Malamarsu ta zaɓi yara uku. Za su yi bayani a taron safe, gaban duk makaranta, a kan dabbobin da suka fi gudu. Ta ba Walƙiya rabbi. Ta ba wata yarinya mai tabarau kifi.

Sai ta dubi Buhu ta ce, "Kai ne shaho."

Aji ya fashe da dariya.

Walƙiya ya ɗaga hannu. "Malama, buhu yana tashi sama?"

Wani daga baya ya ce, "Yana tashi mana, in mutum huɗu suka kama."

Malama ta buga tebur. "Ya isa. Wanda ya ƙara, zai yi tsayuwa har a tashi."

Da aka fita hutu, ta kira shi. Ta ɗauko wayarta ta nuna masa bidiyon shaho. Ina wajen taga ina goge gilashi, ina jinsu.

Ta ce, "Duba da kyau. In tafiya ce miƙaƙƙiya, akwai tsuntsayen da za su iya wuce shi. Amma ka ga ya hau sama can ƙololuwa? Yanzu zai naɗe fukafukansa, ya sunkuyar da kai, ya sako kansa ƙasa. A nan ne ba mai kamo shi. Ya fi motar da ke gudu a babban titi, nesa ma."

Idon yaron ya buɗe. "Malama, wato ba ƙarfin ƙafa ba ne? Gangarowa ce kawai?"

"Gangarowa ce, amma tsaya ka ga yadda yake..."

"Na gane, Malama! Na gode!"

Kafin ta ɗago kai, ya kai ƙofa. Bidiyon ko rabi bai kai ba.

Kun san gangaren nan na bayan makaranta, wanda ya taso daga tankin ruwa ya sauka har falwayar wutar lantarki? Shi ya faɗo masa a rai. Ya je ya sami Walƙiya a filin wasa.

Ya ce, "Mu yi tsere yau da yamma. Daga tanki zuwa falwaya. Kai da ƙafa, ni da keke."

Walƙiya ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ko jirgi ka hau, Buhu."

"In na riga ka, ba za ka ƙara kirana da sunan nan ba."

"In kuma na riga ka fa?"

"Ka yi ta kira har mu gama makaranta."

"Na yarda. Kowa ya shaida."

Buhu ba shi da keke. Na babansa ne a gida. Baban mai gyaran famfo ne. A keken nan yake ɗaure jakar kayan aikinsa, ya bi gida-gida. Abin da ya faru a gidan, mamarsa ce ta ba ni labari daga baya.

Ran nan baban ya dawo da wuri. Robar birkin keken ta cinye, gaba da baya. Ya kwance su duka ya zuba a gwangwani, ya jingine keken da bango. Zai fita sayo sababbi ke nan, yaron ya shigo.

Baban ya ce, "Yauwa. Zan je kanti in dawo. Keken nan..."

"Na sani, Baba! Zan kula da shi."

"To, tunda ka sani." Ya sa takalmi ya fita.

Ƙarar ƙofa ba ta gama mutuwa ba, yaro ya ja keke.

Kun ga, hawa gangare ba ya neman birki. Turawa ya yi ta yi har sama, yana gumi. Saboda haka bai taɓa matsa hannun birkin ba, balle ya gane.

Ni kuma lokacin na tashi aiki, ina kan hanyar gida da bokitina. Na hango yara sun taru a wajen tanki. Na ji an ce, "Ɗaya, biyu, uku!"

Walƙiya ya fita kamar an harba shi. Buhu kuwa da farko keken sai layi yake, yara suna ta ihu. Sai ya kwantar da ƙirji a kan keken. Ya matse gwiwar hannu a jiki, ya sunkuyar da kai, yadda ya ga shaho ya yi.

Keke ya ɗauki gudu. Kafin tsakiyar gangare ya kamo Walƙiya. Ya wuce shi fuu, rigarsa tana kaɗawa.

Na ga fuskarsa lokacin da ya zo kusa da ni. Dariya yake. Tunda yake bai taɓa wuce kowa ba.

Ya kai falwaya. Ya matsa birki.

Ba komai.

Ya sake matsawa da hannu biyu. Keke ko a jikinsa. Gaba kaɗan kuma babban titi ne, motoci suna wucewa.

Ya fara ihu, "Baba! Baba!"

Na yar da bokiti, amma me zan iya? Walƙiya kuwa bai tsaya a falwaya ba. Ya bi shi da gudu, yana ƙwala kira.

"Yashi! Juya dama! Akwai yashin magina! Kada ka sa ƙafa a taya, ka juya kawai!"

Wannan karon dai ya ji magana har ƙarshenta. Ya karkata dama. Keke ya nutse cikin tarin yashi, shi kuma ya tashi sama, ya faɗo ta ɗaya gefen a kan hannunsa.

Da na isa, bakinsa cike da yashi. Hannun hagu ya kumbura. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar kunnen kofi.

Na ce, "Sannu, ɗana. Kada ka motsa hannun."

Ya ce, "Inna, keken Baba..."

Na ce, "Bar keke tukuna."

Walƙiya ya iso ya zube a ƙasa. Ya buɗe baki zai yi magana, numfashi ya hana shi. Sai da ya jima kafin ya iya cewa, "Kana da rai?"

"Ina da shi."

"To, madalla. Na zaci sai mun kwashe ka da tsintsiyar Inna."

A asibiti aka ce karaya ce. Aka ɗaure hannun, aka rataya masa a wuya. Babansa ya zo a guje. Bai yi faɗa ba. Ya dai shafa kansa, ya kai shi gida.

Washegari da safe yaron yana zaune a bakin ƙofa. Ya ga babansa ya ɗora jakar kayan aiki a kafaɗa. Jakar tana da nauyi, duk ƙarfe ne a ciki. Ya kama hanya da ƙafa. Da yamma ya dawo yana ɗingishi, kafaɗar ta yi ja. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, don sai an nemo wata tayar.

Wata yamma yaron ya kawo masa ruwa da hannu ɗaya, ya tsuguna.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Na haƙura. Amma ran nan ka ce ka sani. Me ka sani?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Ban san komai ba."

"Cewa zan yi, keken nan ba birki, kada kowa ya hau. Magana ce ƙanƙanuwa. Da ka bar ni na ƙarasa, da hannunka lafiya." Ya kurɓi ruwa. "Ni ma da laifina. Da na ga ka katse ni, ya kamata in kamo kunnen nan in ƙarasa a cikinsa."

Mamarsa daga ɗaki ta ce, "Ai da ka kamo, da ka biya min har da nawa bashin maganar."

Har yaron sai da ya yi murmushi.

Da ya koma makaranta, Malama ta kira shi lokacin hutu. Ta ajiye wayar a gabansa.

Ta ce, "Zauna. Yau sai ka ga ƙarshe."

Ya zauna. Shaho ya sako kansa daga sama kamar dutse. Sai ga shi, kafin ya kai ƙasa, ya buɗe fukafukai, ya baza wutsiya, ya yi kwana ya koma sama lafiya lau.

Yaro ya ce, "Ashe yana da birki."

Malama ta ce, "Yana da shi. Kuma ba rana ɗaya ya koya ba. Tun yana ƙarami yake gwadawa kaɗan-kaɗan. Kana da tambaya?"

Ya buɗe baki, ya rufe. "Kin gama, Malama?"

Ta yi dariya. "Na gama."

"To, rabbi fa? Ita ma tana da shi?"

"Wannan sai ka saurari Walƙiya ranar taro."

Ranar taron safe ta zo. Duk makaranta an yi layi. Ni ina gefe da tsintsiyata.

Walƙiya ya fara. Ya ce rabbi tana kafa farata a ƙasa in za ta rage gudu, tana kuma juyawa da taimakon doguwar wutsiyarta. Ya ce gudunta ba ya daɗewa, dole ta kwanta ta huta. Ya ce, "Wannan kam na gwada, gaskiya ne."

Yarinya mai tabarau ta yi bayanin kifinta. Ta ce yana da wani abu a baya kamar mafici. In zai yi gudu sai ya ninke shi, in ya isa wurin ƙananan kifaye sai ya buɗe.

Sai yaron ya fito, hannu a rataye. Kafin ya yi magana, wani daga layin baya ya ce, "Buhu ya fashe!"

Wasu suka fara dariya. Yaron ya tsaya cik, ya dubi ƙasa.

Walƙiya ya matso gaba. Ba wanda ya sa shi.

Ya ce, "Ni na sa masa sunan nan, ni kuma na cire. Mun yi tsere, ya riga ni. Duk wanda ya ƙara faɗa, ya sani zan kamo shi, ko ina ya gudu."

Wuri ya yi tsit, don kowa ya san zai kamo shi ɗin.

Yaron ya ɗago kai ya ce, "Gaskiya ba ni na riga shi ba, gangare ne. Kuma ba don shi ba, da na shiga titi."

Sannan ya yi bayanin shaho tiryan-tiryan. Yadda yake hawa, yadda yake naɗe fukafukai, yadda yake saukowa. Ya ce, "Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda yake tsayawa. Ni rabin labarin na ji, na tafi na gwada. Ga sakamakon a wuyana."

Aka yi dariya, amma irin mai daɗi. Aka tafa masa sosai. Tun daga ranar ban ƙara jin sunan nan a bakin kowa ba. Hannu ya warke, keke ya gyaru. Shi ya riƙe wa babansa sifana ranar da aka ɗaura sabon birki. Shi da Walƙiya kuwa suka zama ba a raba su.

To, kun ji. In babba yana yi muku magana, ku bari ya kai ƙarshe kafin ku ce kun sani. Sau da yawa abin da zai tsare ku yana can a ƙarshen maganar. Kuma duk abin da za ku hau, ku fara sanin yadda ake tsayar da shi.

Sunan kifin? Wannan kam ku tambayi Malamarku gobe, ta fi ni sani.

Ku yi min haƙuri, ga 'yan aji ɗaya can sun fito. Bari in je in tsallakar da su titi.