Ranar da Apa ta Jingine Kekenta

A garinmu Karakol, a gabashin tafkin Isik-Kul, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu. Su uku ne a gidan: ita, da mahaifiyarta Jipar, da kakarta.

Babanta yana aikin gini a wata ƙasa mai nisa. Ranar da zai tafi ya shafa kanta ya ce, "Wata shida kacal, na dawo." Shekara biyu ke nan bai dawo ba. Sai dai muryarsa a waya duk ranar Lahadi.

A shekarar ne aka shirya babban hawan keke na mata. Mata ɗari uku za su zagaya tafkin nan namu cikin kwana shida. Daga garinmu za su tashi, a garinmu za su sauka.

Jipar, wadda ɗinki ne sana'arta, ta ce da ita za a yi.

Tun da dusar ƙanƙara ta narke, kullum da sassafe take fita gwaji da matan unguwa. Su goma sha biyu ne. Shugabarsu Saltanat-eje ce, tsohuwar malamar wasanni, mai usur rataye a wuya. Mu nan duk macen da ta girme ka, eje za ka ce mata. Uwa kuwa Apa muke ce mata, uba kuma Ata.

Akwai kuma Burul-eje mai gasa gurasa. Kullum ita ce ta ƙarshe.

"Burul, keken ne ya ɗauko ki, ko ke kika ɗauko shi?" in ji Saltanat-eje.

"Ku yi ta gudu, masu ƙafar kaza!" Burul-eje ta amsa tana haki. "Gurasa dai tana jakata. In yunwa ta kama ku, dole ku jira ni."

Da farko yarinyar tana jin daɗin kallonsu. Ita ke buga wa keken uwarta iska, ita ke goge masa ƙura.

Wata rana ta ce, "Apa, me ya sa kike son tafiyar nan?"

Jipar ta ajiye tsumman hannunta.

"Ina kamarki na koyi keke da na yayana," ta ce. "Kullum ina hango duwatsun da ke ƙetaren tafki. Nakan ce wata rana zan je can da ƙarfin ƙafafuna. Sai aka ce na girma, in sauka. Na sauka. Amma raina bai taɓa sauka ba."

"Kwana nawa za ki yi?"

"Shida kacal, 'yata."

Nan take yarinyar ta tuna. Babanta ma kacal ya ce. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta haɗiye maganar.

Tun daga ranar, ƙarar usur ta daina yi mata daɗi. In ta ga uwarta ta sha kwana ta ɓace, sai ta koma cikin gida ranta a ɓace.

Saura mako biyu a tashi, Saltanat-eje ta ba matan hutun mako guda don ƙafafu su huta. Ranar Litinin ta gamu da yarinyar a hanyar dawowa daga makaranta. Saltanat-eje ta ja birkin kekenta.

"Yawwa, kin hutar da ni. Ungo, kai wa Apanki wannan takardar. Likita zai duba ta ya sa hannu. Ta jefa a akwatin ofishin wasanni kafin Juma'a. Wadda ba ta kai ba, babu sunanta. Kin ji ko?"

"Na ji, eje."

Yarinyar ta tsaya a gindin katanga tana kallon takardar. Wadda ba ta kai ba, babu sunanta. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Sai ta ninke takardar, ta tura ta cikin littafin lissafi.

Ranar Alhamis Saltanat-eje ta sake wucewa ta ƙofar makaranta.

"Kin ba ta?"

"Na ba ta, eje."

Ranar Asabar aka manna sunaye. Jipar ta hau keke da murna ta tafi dubawa. Ba a jima ba ta dawo a ƙafa, tana tura keken.

"Sunaye goma sha ɗaya ne daga unguwarmu," ta ce a hankali. "Babu nawa. Saltanat-eje ta ce ta ba ki wata takarda."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ta ɓace mini, Apa. Na ji tsoro ne in faɗa miki."

Jipar ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi faɗa ba.

"Da kin faɗa mini," ta ce. "Da an ba ni wata."

Ta kai keken rumfar itace, ta jingine shi, ta rufa masa tsohon bargo.

To, yarinyar ta sami abin da take so. Apa ba za ta je ko'ina ba. Amma ina daɗin yake?

Ranar Litinin da safe usur ya yi ƙara a bakin titi. Matan sun dawo gwaji. Jipar ta tsaya a taga riƙe da kofin shayi. Ta bi su da ido har suka ɓace. Shayin ya huce a hannunta, ko kurɓa ba ta yi ba.

Kaka tana saƙa wa Jipar safar hannu saboda sanyin hanya. Ɗaya ta ƙare, ɗaya saura yatsu biyu. Ta naɗe zaren, ta tura ƙarƙashin matashi.

Gidan ya yi tsit. Ba waƙa a wajen ɗinki, ba raha a wajen cin abinci. Apa tana gida, amma yarinyar ta fi kewarta yanzu.

Ranar Laraba ana darasin lissafi, malamarsu Begimai-eje ta ce kowa ya kawo littafinsa. Yarinyar ta miƙa nata. Sai takardar ta zame ta faɗi a kan tebur.

Malamar ta karanta. Ta san labarin, don duk unguwa an sani. Ta jira har aka tashi.

"Zo nan, zauna kusa da ni," ta ce. "Ba wannan ce takardar da ta ɓace ba?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ba na so ta tafi, eje! Ata ma cewa ya yi zai dawo da wuri. Duk wanda ya tafi ba ya dawowa!"

Begimai-eje ta bar ta ta yi kukanta. Sannan ta miƙa mata hankici.

"Kin taɓa gaya wa Apanki haka?"

"A'a."

"To ta yaya za ta sani? Tsoronki ba laifi ba ne. Kowane yaro yana kewar iyayensa. Laifin shi ne abin da kika yi da tsoron. Wata shida Apanki tana tashi da asuba saboda tafiyar nan."

"Za ki gaya mata?"

"Ba ni zan gaya mata ba. Ke kika ɓoye, ke za ki fitar."

Hanyar gida ta yi mata tsawo ranar. Ta tarar da uwarta a gaban keken ɗinki. Ta ajiye takardar a kan yadin da take ɗinkawa.

"Apa, ba ta ɓace ba. Ni na ɓoye ta."

Jipar ta tsayar da ɗinkin. Fuskarta ta canza.

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Kina gani ina shiga ina fita kamar marar lafiya, kika yi shiru?"

"Na ji tsoro ne kada ki tafi kamar Ata. Shi ma kacal ya ce."

Kaka, da ke zaune a bakin murhu, ta share ido da bakin ɗankwalinta.

Can Jipar ta jawo 'yarta jikinta.

"Kina tsammani ke kaɗai ke kewarsa? Ni ma ina kewarsa kullum. Aiki ne ya riƙe shi, ba son ransa ba. Ni kuwa tafki zan zagaya. Wanda ya zagaya tafki, ina zai ƙare in ba inda ya fara ba?"

Yarinyar ta yi 'yar dariya cikin hawaye.

"Amma raina ya ɓaci," Jipar ta ci gaba. "Laifi biyu kika yi. Kin ɓoye, kin kuma yi ƙarya har sau biyu. Sa takalminki. Za ki maimaita wa Saltanat-eje da bakinki."

Sun same ta a tsakar gida tana yi wa taya faci. Yarinyar ta faɗi komai.

Saltanat-eje ta ɗaure fuska.

"Ni kika kalla ido cikin ido kika ce kin ba ta? Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa son ƙarya ba. Amma mai zuwa ya faɗi laifinsa da ƙafarsa, ba a korarsa."

Ta goge hannu, ta ɗauki waya, ta kira masu shirya tafiyar. Ta yi ta roƙo, ta yi ta bayani. Da ta gama ta juyo.

"Sun ce an rufe. Amma in hoton takardar ya isa gare su kafin sha biyun rana gobe, da sa hannun likita, za su duba. Ban yi muku alkawari ba."

Washegari Jipar ta tafi asibiti tun da sassafe. Yarinyar ta so ta bi ta, aka ce makaranta za ta.

A aji idonta na kan agogon bango. Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Ko layi ya yi tsawo? Ko likita bai zo ba? Sha biyu ta buga, ba ta san komai ba.

Ana tashi ta zuba a guje. Tana tura ƙofa ta ga keken a tsakar gida, tayoyinsa a sama. Apa tana ɗiga wa sarƙarsa mai, tana 'yar waƙa. Kaka kuma ta fito da zarenta.

"Apa! An karɓa?"

"Saura minti ashirin aka karɓa."

Yarinyar ta yi tsalle ta rungume ta.

"Tsaya tukuna," in ji Jipar. "Kin tuna an ce 'ya'yan mahaya za su bi motar kaya ranar farko, har zangon farko?"

"Na tuna."

"Ban da ke. A gida za ki zauna."

Abin ya yi mata zafi, don ta daɗe tana ɗokin wannan motar. Amma ta ce, "To, Apa."

Ranar Lahadi garinmu ya cika. Mata ɗari uku, kowa da hular kwano, ƙararrawa sai tashi take. Yarinyar ta riƙe hannun Kaka. Tana gani sauran yara suka hau mota suna ɗaga mata hannu. Tana gani uwarta ta shige cikin taro, har ta kasa bambance ta.

Da yamma babanta ya kira. Wannan karon ba ta ce lafiya lau kawai ba.

"Ata, ina kewarka sosai. Kuma ina ɗan fushi da kai."

Ya ce, "Kina da gaskiya, 'yata. Na gode da kika faɗa mini. Daga yau ba zan ƙara yanka miki rana ba sai na riƙe tikiti a hannu."

Kwanakin suka yi ta jan ƙafa. A aji Begimai-eje ta rataye taswirar tafkin. Kullum da safe yarinyar ce ke matsar da 'yar jar allura zuwa inda matan suka kwana. A gida kuwa, ko kare ya yi haushi sai ta leƙa waje.

"Za ki cinye mini ƙofa da leƙe," in ji Kaka. "Zo ki tsince mini shinkafa, uwar 'yan jira."

"Kaka, ke ba kya kewarta?"

"Ni? Wa ya ce? Hayaƙi ne ke sa ni hawaye."

Ranar Juma'a da la'asar muka fita bakin gari gaba ɗayanmu. Can sai ga su sun ɓullo, layi guda mai tsawo, suna tafe a hankali. Yarinyar ta hau kan dutse tana duba fuskoki. Ba ita ba. Ba ita ba. Ba ita ba.

"Apa!"

Jipar ta ja birki. Rana ta ƙona mata fuska, leɓenta ya tsage, gwiwarta ɗaya da bandeji. Amma yarinyar ba ta taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba.

"Hau baya," in ji Jipar. "Riƙe ni da kyau."

Ta hau, ta zagaye ƙugun uwarta da hannu biyu, ta kwantar da kai a bayanta.

"Apa, kina warin zufa."

"Zufar kilomita ɗari huɗu ce. Ki shaƙa da ladabi."

Suka shiga gari suna dariya.

Yara, kewa ba laifi ba ce, tsoro ma ba laifi ba ne. Amma in abu ya dame ku, ku gaya wa iyayenku ko malamanku. Kada ku yi ƙarya, kuma kada ku tare wa wanda kuke ƙauna hanya don kawai ya zauna kusa da ku.